Na soya kifin tuna sosai, amma ya tayar wa yarana da ƙaiƙayi

Tambaya: Malam, maigidana ya sayo kifin tuna na ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari, na soya shi har ya yi ƙarau. Ba a yi rabin awa da ci ba yara biyu suka hau susa, fuska zafi, kai na sara, ɗaya har da gudawa. Surukata ta ɗura musu manja, ta ce hannu aka sa mana. Maƙwabciyata kuma ta ce suyar ce ba ta yi ba. Sauran yana firiza, in ƙara soya shi sosai? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, ki zubar da sauran yau ɗin nan. Alamun da kika lissafa na gubar histamin ne, wani sinadari mai tayar da ƙaiƙayi, kuma daga jikin kifin ta fito.

Tuna ba ya tsayawa, sai yana iyo baki buɗe yake samun numfashi. Manyan cikinsu kan riƙe ɗumin jiki sama da na ruwan teku da fiye da digiri 10. Jan naman nan nasa cike yake da sinadarin histidin, to da zarar ya mutu aka bar shi cikin ɗumi, ƙwayoyin bakteriya sai su juya shi ya koma histamin. Titus da muke ci kullum danginsu ɗaya, shi ma yana yin haka.

Maganar maƙwabciyarki ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta: wai wuta tana kashe komai. Wuta tana kashe bakteriyar, amma histamin ɗin da suka riga suka zuba yana nan daram. Ki soya, ki dafa, ki banda, ki mayar firiza, ba inda zai je. Sau da yawa ko wari kifin ba ya yi, sai dai ka ji wani yaji-yaji a harshe alhali ba a sa barkono ba. Kifin da ya taso daga bakin teku zuwa Zariya, a ɗauke wuta ya saki, a kawo wuta ya sake daskarewa, mai sayarwa ya ƙwanƙwasa miki shi a tebur ya ce "ji tauri, Hajiya". Taurin yanzu ba ya ba da labarin daren jiya.

Mutanen da ma sun san kifin nan ba ya jira. A Baelo Claudia, kudancin Sifaniya, har yau ana ganin ramukan da Rumawa suka gina a bakin ruwa, inda ake daddatsa tuna a danne shi da gishiri da zarar an fito da shi.

Manja ba ya karya wannan guba, kuma ɗura wa yaro shi na iya sa ya shaƙe ya shiga huhu. Kada kuma mai kemis ya haɗa ku da maganin taifot. Maganin ƙaiƙayi irin antihistamin ake bayarwa, yawanci abin kan lafa cikin kwana ɗaya. Amma in numfashi ya yi wuya, ko leɓe ya kumbura, ko yaro ya galabaita, a wuce asibiti nan take, Gambo Sawaba ko Shika, a kuma faɗa wa likita kifi aka ci.