Amsa: Titin da ke farfashewa a mararrabar layin dogo

Malam, ka ce titin unguwarku a Wad Madani, a yankin Jazira na Sudan, yana farfashewa duk damina, musamman inda ya ƙetare layin dogo, kana tambaya ko sabuwar kwalta za ta isa. Ba za ta isa ba. Ƙasar da ke yankin Jazira baƙin yumɓu ce: ta sha ruwa ta kumbura, rani ya zo ta tsattsage, kwaltar ta bi ta.

A fara da magudanar ruwa, da gangara aƙalla rabin mita a kowace mita 100, in ba haka ba laka ce za ta kwanta ta toshe. Sannan a kwashe yumɓun sama, a zuba marmara kauri santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a danne, kafin a ƙara wani zubin a kai. A nan 'yan kwangila ke ha'inci, su jibga gaba ɗaya su danne sama kawai. Tsakiyar titi ta ɗara gefe tsayi da kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita.

A kan dogo kuwa, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu a Sudan milimita 1,067 ne. A shimfiɗa faifan kankare daidai da saman ƙarfen, a bar gurbin da bakin ƙafar jirgi zai bi. Kwalbati ya ratsa ƙarƙashin layin, amma kada a haƙa sai hukumar jiragen ƙasa ta ba da izini.