Tambaya da Amsa: Koyon Talla a Intanet Ba Tare da Malami Ba

Wasiƙun wannan makon kusan duka sun taru a kan abu guda: ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu da ke son tallata hajarsu ta salula, amma ba su da kuɗin shiga aji. Mun zaɓi guda 5 daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida. Wani ya ce in ba shi jika 50 ya koya mini talla a intanet cikin kwana 3. Ba ni da wannan kuɗin. Shin zan iya koya da kaina? Daga wata matar aure, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Za ki iya, kuma ko da kina da jika 50 ɗin, gara ki zuba su a kayan haɗi da kwalabe. Abin da ake koya a kwana 3 sunayen maɓallai ne kawai. Sanin abin da ke sa mace ta tsaya a kan hotonki har ta tambayi farashi, wannan sai da gwaji a kan kayanki, mako bayan mako.

Ki fara da manhaja ɗaya tak, WhatsApp Business. Kyauta ce, kuma masu sayen turarenki dama suna can. Kafin ki sauke ta, ki adana hirarrakinki na tsohuwar WhatsApp, domin lamba ɗaya ba ta aiki a manhajojin biyu lokaci guda; in kika yi gaggawa kina iya rasa tsoffin saƙonni. In kina da layi na biyu, ki ware shi don sana'a, hirar dangi ba za ta binne odar mutane ba.

Makon farko na shimfiɗa shago ne. Ki sa sunan sana'a, lokutan da kike amsa saƙo, da kwatancen gida irin wanda ɗan kabu-kabu zai gane: kusa da wane masallaci, bayan wane lakwal. Sai kundin kaya, wanda salula mai Faransanci ke kira Catalogue. Yana ɗaukar kaya har 500, amma 10 sun ishe ki. Kowane da hotonsa, da girman kwalba, da farashi a rubuce.

A kan hoton ne mafi yawa ke faɗuwa. Ki goge idon kyamara da gefen zane, don ƙurar Maradi da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya fito da hazo, mutum ya yi ta zargin salularsa. Ki ɗauka da hantsi, a bakin ƙofa ko a inuwar zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ki shimfiɗa farin ƙyalle ki ɗora kwalbar. Kada ki kunna fitilar kyamara, tana haska gilashi ta ɓoye launin turaren. Kuma tunda ƙamshi ba ya bi ta waya, sai ki sa ido ya yi aikin hanci: ɗan bidiyo na daƙiƙa 15, garwashi a kasko, ki barbaɗa turaren, hayaƙi ya tashi, ki faɗi abin da ke ciki da yadda yake kama tufafi.

A mako na biyu ki koyi amsoshin da ake ajiyewa. Ki rubuta farashi, hanyar biya da kuɗin kai kaya sau ɗaya. Duk wadda ta tambaya, ki danna alamar / ki zaɓa, amsa ta tafi. Akwai kuma alamomi masu launi da za ki maƙala wa kowace hira: sabuwar mai saye, ta biya, ana bin ta bashi. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, sai dai wadda ba ta ajiye lambarki a salularta ba, saƙon ba zai isa gare ta ba. Haka ma sitatus. Shi ya sa roƙon "ki ajiye lambata" ya fi kowace dabara amfani.

Daga mako na uku sai littafi da biro. Kowace rana layi ɗaya: me kika saka, ƙarfe nawa, mutum nawa suka gani, nawa suka yi magana, nawa suka saya. Bayan wata guda littafin zai nuna miki ko bayan la'asar ya fi ko bayan isha'i, ko bidiyon kasko ya fi hoton kwalba.

Darussa kuwa suna nan kyauta. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, yana da makarantarsa ta intanet mai suna Blueprint, YouTube kuma cike yake da bayanai da Faransanci da Hausa. Ki rage ƙarfin hoton zuwa 360p don kada mega ta ƙone. Doka ɗaya ce: in kin kalli darasi, kada ki buɗe na biyu sai kin aikata na farko. Rabin awa a rana ya isa.

Tambaya: Ina ɗinka takalma da jakunkuna da fatar jar akuya. Shafina na Facebook yana da mabiya fiye da 8,000, amma sai wata ya wuce ban sayar da ko ƙafa 3 ta can ba. Ina matsalar take? Daga wani baduku, Sabon Gari.

Amsa: Malam, tambayar farko ita ce yadda ka tara su. In da barkwanci da labarin ƙwallo da hoton "wanda ya yarda ya rubuta amin" suka zo, to ƴan kallo ka tara, ranar da ka fito da takalmi sai su wuce. Facebook kuma yana fara nuna abin da ka saka ga kaɗan daga mabiyanka. In suka yi shiru sai ya ɗauka abin ba shi da armashi, ya daina kai shi gaba. Tun 2017 ma kamfanin ya sanar cewa yana rage wa rubutun roƙon dannawa da yaɗawa tafiya.

Ka sauke Meta Business Suite, ka shiga sashen ƙididdiga, ka duba garuruwan mabiyanka. In mafi yawansu suna inda ba ka iya aika kaya, ka sami rabin amsarka.

Ragowar rabin yana cikin yadda kake saka kayan. Duba hotunanka 10 na ƙarshe: akwai farashi? Akwai lambar ƙafa, daga 39 zuwa 45 misali? An faɗi yadda kaya ke isa Yamai ko Damagaram ko Kano, da kwana nawa? Al'adar nan ta "farashi sai ta saƙo" tana korar masu kunya da masu sauri, ta bar maka masu taya banza. Ka kuma sa adireshin da ke kai mutum kai tsaye cikin hirarka: wa.me/227 sannan lambarka mai 8, ba sarari, ba alamar ƙari.

Kana da abin da mai sayar da takalmin kanti ba shi da shi. Fatar jar akuyar Maradi sananniya ce har a ƙetare, aikin hannu kuma yana riƙe ido. Ka jingina salula da gwangwani, ka ɗauki hannunka yana yanka, yana huda da basilla, yana jan zare. Ka lanƙwasa takalmin a gaban kyamara a ga bai tsage ba. Sau 3 ko 4 a mako ya wadatar, in dai ba ka yanke ba.

Tambaya: Facebook kullum yana nuna mini maɓallin biyan kuɗi don tallata abin da na saka. In danna? Daga wani mai shagon shadda da atamfa, babbar kasuwa.

Amsa: Alhaji, ba yanzu ba, sai ka ga hoton da ya jawo tambayoyi da kansa ba tare da ko dala ba. Kuɗi yana ƙara wa abu tafiya ne, ba ya gyara shi. In ka samu irin wannan hoton, ka tanadi katin banki na Visa ko Mastercard da ke biya a intanet, ka zaɓi manufar samun saƙonni, ba ta tara dannawa ba. Wurin zaɓar masu gani shi ne inda kuɗi ke zubewa: kada ka bar shi a kan ƙasa baki ɗaya, ka sa Maradi da kewayenta, sai garuruwan da kake da direban da ke kai maka kaya. Ka bar tallar ta yi kwana 4 zuwa 7 ba ka taɓa ta ba, domin babban gyara yana mai da Facebook farkon laluben waɗanda zai nuna wa.

Sannan lissafi. A ce ka kashe jika 5, mutum 20 suka yi magana, 2 suka saya: kowane mai saye ya ci maka 2,500. In ribar turmi ba ta kai haka ba, ka yi asara ko da mutum dubu nawa suka gani, sai fa in masu sayen irin masu dawowa ne. Kuma ka tabbata akwai mai amsa saƙo a kwanakin. Wanda ya tambaya da safe aka amsa masa da dare, ya riga ya saya a rumfar maƙwabcinka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ina so in buɗe bulog, wato shafin rubuce-rubuce a intanet, da Hausa kan noma da kiwo. Ta ina zan fara, kuma yaushe zai fara kawo kuɗi?

Amsa: Ƙanena, buɗewa aikin rabin awa ne: Blogger na Google kyauta ne in kana da Gmail, WordPress.com ma yana da tsarin kyauta. Abin da ke da wuya shi ne rubutu na 20. Kafin ka buɗe, ka rubuta tambayoyi 20 da manoma ke yi da bakinsu, irin su yadda ake adana wake a buhun PICS mai ruɓi uku ba tare da magani ba, ko lokacin yi wa awaki rigakafi. Kowace tambaya rubutu ɗaya, taken kuma ya zama tambayar kanta yadda mutum zai buga ta a Google. In ba ka iya cika 20 ba, batun bai ishe ka ba tukuna.

Ka sa Hausa a madannin Gboard don samun ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta daidai, don "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne. Amma ka sani yawancin masu nema ba sa sa ƙugiya, saboda haka adireshin kowane rubutu ka bar shi da baƙaƙe marasa ƙugiya. Ka rage nauyin hotuna zuwa ƙasa da kilobait 200, don mai karatunka yana ƙauye inda rezo ke rarrafe. Ka haɗa bulog ɗin da Google Search Console. Shi zai nuna maka kalmomin da mutane suka buga har suka iso gare ka, daga nan za ka san me za ka rubuta gaba. Kada ka kwafo rubutun wasu, Google na gane wanda ya riga.

Maganar kuɗi, kada ka sa rai da wuri. AdSense, tsarin Google da ke saka talla a bulog ya biya mai shi, ba ya biya sai kuɗinka sun kai dalar Amurka 100, kuma yana da jerin harsunan da yake karɓa, ka duba shi kafin ka gina buri a kai. Hanya mafi kusa ita ce masu sayar da iri da taki da abincin dabbobi na nan gari, in suka ga manoma na karanta ka. Kowane rubutu ka yi masa taƙaitaccen saƙon murya na minti 2 don rukunonin WhatsApp, saboda da yawa daga waɗanda kake rubutawa dominsu sauraro suka fi yi.

Tambaya: An kira ni an ce za a ƙara mini mabiya 5,000, amma sai na karanta musu lambobin da za su shigo salulata. Daga wata mai kilishi da ƙuli-ƙuli.

Amsa: Ƴar'uwa, kada ki karanta. Lambobin nan 6 su ne makullin asusunki. Da zarar sun ji su, za su ɗauke WhatsApp ɗinki su shiga roƙon kuɗi wurin masu sayenki da sunanki. Yau ɗin nan ki shiga saituna, sashen asusu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lambar sirri 6 da ba ranar haihuwarki ba, ki haɗa da imel. In har an riga an ɗauke, ki sake shigar da lambar wayarki a WhatsApp ki nemi sabbin lambobi ta SMS; shigarki tana fitar da ɓarawon, ko da yake in ya riga ya sa tasa lambar sirri za ki jira kwana 7. Kafin nan ki sa a sanar da masu sayenki ta wani layi kada kowa ya tura ko dala.