Habu, kada ka goge bifida na biyun

Wa alaikumus salam, Habu. Saƙonka ya same ni bayan la'asar ina shago a Ƙofar Ƙaura, hannuna duk fenti, shi ya sa ban amsa nan take ba. Ka ce a takardar da malamin bayoloji ya ba ku ta zanen bangon ɗakin gwaje-gwaje a can Daura, akwai hoton wani abu mai kama da fure, an rubuta Antedon bifida bifida a ƙarƙashinsa. Kana tambaya ko mai bugawa ne ya maimaita kalma ka goge ɗaya, kuma ko ka mayar da hoton bangon tsirrai tunda ka ga an sa shi cikin dabbobin teku.

Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗauki burushi. Duka biyun a'a. Kalmar ba kuskure ba ce, abin kuma ba fure ba ne. Da ka yi gaban kanka, da garin neman gira ka rasa ido.

Bari in fara da sunan, don shi ya fi damunka.

In za ka aika kaya daga Legas zuwa shagona, me za ka rubuta a jikin kwalin? Jihar Katsina, garin Katsina. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce ka maimaita. Amma kai ka san in ka bar Katsina ɗaya kawai, direba yana da ikon tambaya: Katsinar wace, birni ko Funtuwa ko Daura? To haka sunan nan yake. Antedon sunan babban gida ne, akwai 'yan uwa da yawa a cikinsa. Bifida na farko shi ne jinsin dabbar. Na biyun kuwa reshe ne a cikin jinsin. Masana sun raba jinsin nan gida biyu: na arewa, wanda aka fara sani, da na kudu da ake kira Antedon bifida moroccana, wato na Maroko, wanda wani Ba'amurke mai suna Austin Hobart Clark ya raɗa wa suna a 1914. Ƙa'idarsu ita ce duk ranar da aka raba jinsi, reshen da asalin sunan ya hau kansa shi ke riƙe da sunan, sai a maimaita masa. Ba a wannan dabba kaɗai ba. Zakin Yankari ma a takardun yanzu Panthera leo leo ne. Raƙuman dawan nan na Kure kusa da Yamai kuwa Giraffa camelopardalis peralta ake rubuta su, don su ba reshen asali ba ne, kamar dai Funtuwa a misalinmu.

Kada ka ce min ai kamar Bunaji da Bokolo ne a shanu. Yana kama, amma kama da wane ba wane ba ne. Waɗancan makiyaya ne suka zaɓa suka haɗa har suka bambanta. Waɗannan kuwa nisan wuri ne ya raba su, babu hannun kowa.

Yadda za ka rubuta shi a bango: A ta Antedon babba ce, sauran duka ƙananan baƙaƙe, har moroccana ɗin, ko da yake daga sunan ƙasa ta fito. Ka karkata rubutun kaɗan zuwa dama. In hannunka bai faɗa da karkatawa ba, ka miƙe shi ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban. In ka ga Pennant da 1777 a bayan sunan cikin baka biyu, su a miƙe ake rubuta su, kuma bakan nan kada ka yar da shi wai don ado. Thomas Pennant ɗan Birtaniya ne, shi ya fara bayyana dabbar a 1777, amma a gidan Asterias ya ajiye ta tare da taurarin teku na yau da kullum. Daga baya aka ɗauke ta aka kai ta gidan Antedon, wanda aka kafa a 1811. Bakan shi ne shaidar cewa ta yi ƙaura daga inda mai suna ya fara sa ta. Ka ga 'yan layuka biyu lanƙwasassu suna ɗauke da tarihin shekara fiye da ɗari biyu, mu kuma masu fenti mu ne ke yawan zubar da su.

Yanzu batun fure. Ban ga laifinka ba, don waɗanda suka fara raɗa wa danginta suna ma furen suka gani. Ajinta Crinoidea, daga kalmar Girkanci mai nufin wani irin fure. Babban rukuninta kuwa Echinodermata, ma'anarsa masu fatar bushiya, a nan take tare da tauraron teku da wata dunƙulalliyar dabbar teku mai ƙaya. A ƙarƙashin ajin, tana cikin Comatulida, iyalinta Antedonidae. Ni dai tauraruwa mai gashi nake ce mata, don hannuwanta kamar gashin jelar zakara suke. Tana da baki, tana da hanji, tana cin abinci, tana ƙwai, kuma in aka takura mata sai ta saki inda take riƙe ta yi iyo. Wane fure ka taɓa gani ya gudu?

Na taɓa ganin ta ido da ido sau ɗaya, a cikin kwalba, a wani tsohon ɗakin gwaje-gwaje da na yi wa aiki shekarun baya. Ruwan da aka jiƙa ta a ciki ya shanye launinta ya koma kamar ruwan shayi, ita kuma ta yi fari fat, hannuwa uku sun karye sun kwanta a gindin kwalbar. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantarta. A zanen littafi sai ka ɗauka ta kai faifai, alhali hannu ɗaya in ya yi tsawo santimita 10 ne, yawanci ma bai kai ba. Duka-dukanta in ta baje ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Jikin da ke tsakiya kuwa kamar maɓallin riga. Na ɗaga kwalbar wajen taga na ga hannun ba santsi gare shi ba, gaɓa-gaɓa ne kamar an jera ƙwayoyin carbi. Ƙananan ƙasusuwa ne na sinadarin alli, nama siriri ya lulluɓe su.

Ga inda yara ke lalata min aiki, ka buɗe ido. Hannuwan goma ne, amma ba goma ne da aka dasa a zagaye kamar ƙarafan ƙafar keke ba. Biyar ne suka fito daga jiki, kowanne ya rabu biyu nan kusa da tushe. Ma'anar bifida ke nan a Latin: abin da ya tsage gida biyu. Ka ga sunan da kake son gogewa shi ne ma yake faɗa maka yadda za ka zana ta. Saboda haka ka kafa ƙusa a tsakiya, ka ɗaura zare ka zagaya da alli, ka raba da'irar gida biyar, digiri 72 kowanne. Sai ka fitar da gajerun kututture biyar, kowanne ka yi masa cokali mai yatsu biyu. In ka fara da goma kai tsaye, malamin da ya san aikinsa daga bakin ƙofa zai gane.

A jikin kowane hannu akwai ƙananan rassa hagu da dama, kamar ganyen reshen dabino. Ba a daidai juna suke fitowa ba. Ɗaya a dama, ka matsa gaba kaɗan ɗaya a hagu, haka har ƙarshe. Ka yi amfani da ƙaramin burushin nan mai bakin allura, kada ka yi ƙyuya ka ja su da babba. A jikin rassan akwai 'yan yatsu masu laushi, uku-uku a wuri ɗaya, tsawonsu ba ɗaya ba, ruwan da ke zagaya cikin jikinta ne ke miƙar da su. Da su take cin abinci. Ba ta farauta. Tana samun wurin da ruwa ke gudu ne ta baje hannuwa kamar mai shanyar taru, ƙananan halittun da ido ba ya gani su riƙa maƙalewa a majinar da ke jikin yatsun. Yatsun su tura su cikin wata 'yar hanya da ke bin tsakiyar reshe, hanyar reshe ta zuba a ta hannu, ta hannu ta gangara baki. Ka tuna yadda masu lambu a fadama ke jan ruwa daga babbar hanya zuwa fangali-fangali? To ita juyin wannan ne, daga ƙananan hanyoyi ake tattarowa zuwa babba.

Baki kuma a sama yake. Ka maimaita wannan har ya zauna maka. Tauraron teku na yau da kullum bakinsa a ƙasa yake, yana kife a kan abincinsa. Ita tana rigingine ne, baki yana kallon sama a tsakiyar jiki, mafitar bayan gida ma a saman take kusa da shi, a kan wani ɗan tudu mai tsini, don hanjin ya lanƙwaso ya dawo. Wannan kuskure ni kaina na taɓa yin sa ina saurayi. Na kifa ta a bangon wata makaranta, na yi mata baki a ƙasa da jan fenti, har ina jin daɗin yadda ya fito. Malamar bayoloji ta shigo ta tsaya ta daɗe tana kallo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, wannan ta mutu ne?" Da fentin mai na yi aikin. Kwana biyu ina kankarewa da samfefa, kuɗin fentin kuma daga aljihuna ya fita.

Abin da ke ƙasa ƙugiyoyi ne, wajen ashirin ko sama da haka kaɗan, gajeru, masu gaɓoɓi, kowace da ɗan farce a ƙarshe, duk sun fito daga wani ƙashi ɗaya da ke gindin jikin. Da su take damƙe dutse ko ganyen ciyawar teku, kamar yadda kaza ke riƙe reshe da dare. Kai da ka ɗauke ta fure na san saiwa za ka yi mata. Kada ka nutsa su cikin ƙasa. Ka lanƙwasa su a kan dutse yadda mai kallo zai ga riƙo ne, ana iya saki. A siffar gaɓoɓin ƙugiyoyin nan ne da kuma inda aka kamo dabbar masana ke duba bambancin reshen arewa da na Maroko, don haka ka bi hoton da aka ba ka gaɓa da gaɓa, kada ka ƙara gishiri.

In malamin ya haɗa da hoton wani ɗan abu a kan kara kamar kan ashana mai gashi, shi ma nata ne, ƙuruciyarta ce. Macen tana riƙe ƙwai a jikin rassan hannuwanta. In sun ƙyanƙyashe sai wata 'yar tsutsa mai siffar ganga ta fito ta yi iyo na ɗan lokaci, ta samu wuri ta manne, ta tsiro da kara. A nan take zama har ƙugiyoyi su fito mata, sai ta tsinke daga karan ta kama gabanta. Wani likitan sojan Birtaniya, John Vaughan Thompson, ya tsinci wannan mai karan a gaɓar Kok ta ƙasar Ayalan, ya ɗauka sabuwar halitta ce, a 1827 ya buga bayaninta da suna Pentacrinus europaeus. Bayan wasu shekaru shi da kansa ya gano 'yar tauraruwa mai gashi ce, bai jira wani ya gyara masa ba. Wasu danginta na can cikin zurfin teku kuwa ba sa tsinkewa, a kan kara suke tsufa.

Taswira. Na ga a hoton da ka turo akwai 'yar taswira a gefe, kuma na san hannunka da shuɗin fenti. Kada ka shafe tekun duniya duka. Reshen da aka rubuta maka, bifida bifida, na gabashin Tekun Atilantika ne ta wajen Turai: daga tsibiran Shetlan da ke arewacin Sikotlan, ya bi yammacin Birtaniya da Ayalan, ya sauko ta Faransa har Fotugal. Daga nan kudu, gaɓar Maroko da Aljeriya da gangarowa ta yammacin Afirka, yankin moroccana ne, ka ba shi launi daban in malamin yana so. Cikin Bahar Rum akwai wata 'yar uwarsu, Antedon mediterranea, amma ita jinsi ce mai zaman kanta, kada ka cusa ta. Kuma ka bi bakin gaɓa da launin, kada ka shiga tsakiyar teku, don ta fi yawa a zurfin mita 15 zuwa 40 inda akwai duwatsu da ruwa mai gudu, ko da yake ana samun ta a ƙasa da haka sosai. Wani wurin sukan taru su rufe dutse kamar an shimfiɗa darduma.

Launi ba ya da wuya. Turawa da ruwan hoda suka san ta, amma akwai ja, akwai rawaya, akwai mai ruwan lemo, akwai shunayya, wata ma dabbare-dabbare da fari. Ka haɗa ja da fari ka yi hannuwan, rassan ka ƙara musu fari su fi haske. In ka ga hannu ɗaya ya fi sauran gajarta a hoton, ka bar shi haka. Karyewa ya yi yana sake tsirowa, tana da wasu gaɓoɓi na musamman da take yar da hannu daga nan in an cafke ta, kamar ƙadangare da wutsiyarsa.

Ka fara da alli tukuna, ka ɗauki hoto ka turo min kafin ka buɗe gwangwani. Ka kira malamin ya ƙirga hannuwan da kansa a gabanka. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo motar safe, ka tanadar min tsani mai kyau, wancan na katako ƙafarsa ɗaya tana rawa. Ka gaida Sale, ka ce masa ya rufe tina da kyau, kada ta bushe kamar ta wancan karon.