Akwatunan ba su rage min komai ba, ɓoyewa kawai suka yi

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce da zarar kin shigo gida daga aiki sai ranki ya ɓaci ba tare da wani ya yi miki komai ba, ki share ki goge, kwana biyu ɗakin ya koma kamar ba a taɓa shi ba, kina tambaya ko da gaske rage kaya na kawo sauƙin rai ko dai surutun intanet ne. Na daɗe a wannan halin, don haka ki yi haƙuri, zan ɗan ja zancen.

Ni a da na ɗauka ƙarancin wuri ne matsalata. Duk sanda abin ya ishe ni sai in sayo kwando ko akwatin roba, in zuba kaya in rufe. Idona ya buɗe ne ranar da nake neman takardar haihuwar ɗana, ana jiranta da safe. Akwati huɗu na juye a tsakar ɗaki. Ga caja shida na wayoyin da suka daɗe da mutuwa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya, ga maganin tari da wa'adinsa ya wuce da shekara biyu, ga rigunan da nake ta cewa zan koma sa su in na rame. Takardar kuwa sai cikin wata tsohuwar jaka a bayan ƙofa, bayan na riga na makara, na kuma yi wa yara ihu a kan laifin da ba nasu ba. Da daddare na zauna gefen tarin nan, kunya ta ishe ni.

Abin da na gane daga baya shi ne duk abin da ba shi da mazauni a gida, aiki ne da kika ɗage. Rigar da ke kan kujera jira take ki yanke mata hukunci, wanki ko ninki ko kyauta. Takardar kan tebur ma haka. Ido na gani, zuciya na lissafi, kin zauna hutawa amma ba ki huta ba. Kuma ba ni kaɗai na lura ba. A 2010 Darby Saxbe da Rena Repetti na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun fitar da bincike kan ma'aurata masu aiki, waɗanda suka zagaya gidajensu suna bayyana su da bakinsu, aka kuma riƙa auna sinadarin kotizol a yawunsu, wato wanda jiki ke saki lokacin damuwa. A ƙa'ida yana yawa da safe, ya yi ƙasa da dare. Matan da suka fi ambaton tarkace da ayyukan da ba a gama ba, nasu ba ya sauka yadda ya kamata, ransu kuma na ƙara dagulewa yayin da yini ke tafiya. A wajen mazan ba a ga abin sosai ba, ke ma kin san wa ake kallo idan gida ya hargitse.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabuwa da kayan. Hannunki zai ɗauko abu, zuciya ta ce ai da kuɗi na saya, ko wata rana zai yi amfani. Ba rowa ba ce, halin ɗan Adam ne. A 1990 Daniel Kahneman da abokan aikinsa Jack Knetsch da Richard Thaler sun raba wa wasu ɗalibai kofuna, wasu ba a ba su ba. Da aka ce su sayar, waɗanda aka ba sai suka nemi kusan ninkin abin da sauran suka yarda su biya, alhali minti kaɗan ke nan da kofin ya zama nasu. Shi ya sa na daina tambayar kaina ko zai yi amfani, don komai na iya yin amfani. Sai in ce, da ba nawa ba ne na gan shi ana sayarwa yau, zan saya? Yawancin lokaci amsar a'a ce.

Kar ki ce za ki gama gida a rana ɗaya, na gwada, na ƙare da ciwon baya da ɗakin da ya fi na da muni. Ki zaɓi wuri guda da idonki ke fara sauka a kai in kin farka, ni gefen gadona ne. Minti 15 ya isa. Hotuna da kayan waɗanda suka rasu ki bar su sai ƙarshe, in kin fara da su kuka za ki yi ki mayar. Abin da kika ware don bayarwa ya fita daga gidan a ranar, domin jakar da ta kwana biyu a bakin ƙofa buɗe ta ake yi. Kayan maigida kuma kar ki taɓa sai da saninsa. Na taɓa zubar masa da wasu wayoyin wuta da na ɗauka shara ne, sati guda muna magana ciki-ciki.

Wani amfanin da ban zata ba shi ne na lafiya. Tsofaffin kwalaye mafakar kyankyasai ne, tarin tufafi da ƙura kuma gidan wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, duka biyun suna tayar da asma da atishawa. Da na kwashe abin da ke ƙarƙashin gadon yara aka samu damar share wurin, atishawar asuba da 'yata ke yi ta ragu.

Sai dai kar in yaudare ki, gyaran ɗaki ba maganin ciwon damuwa ba ne. Wani lokaci damuwar ce ke hana mutum taɓa komai, tarkacen alama ce kawai. Akwai kuma masu jin kamar ransu zai fita in an ce su zubar da ko da tsohuwar leda, har kaya su toshe hanya. Wannan cuta ce da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware mata suna nata tun 2013. In barcinki ya lalace, ko kin daina jin daɗin abin da kike so a da, ki ga likita tukuna.

In ba haka ba ne, daren nan ki kwashe duk abin da ke gefen gadonki, ki mayar da fitila da abin da kike buƙata kafin barci kawai. Bayan sati ki dawo ki ba mu labari.