Ƙungiyar da ba ta iya gudu da ƙwallo ba, za ta iya cin kofi a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na fara kallon ƙwallon Amurka, wato gasar NFL, kuma ina yawan jin masu sharhi suna cewa ƙungiyar da ba ta da ƙarfin gudu da ƙwallo ba za ta kai labari ba. Amma ni a ganina jifa ce ke kawo maki. Shin sashen kai hari zai iya yin nasara ba tare da gwanayen gudu ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zai iya, kuma an gani an shaida. A wannan wasa ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10, ko dai ɗan wasa ya rungumi ƙwallo ya kutsa da gudu, ko kuma jagoran harin ya jefa ta ga wani abokinsa da ke gaba. Tun da aka sauya dokoki a 1978, aka hana masu tsaro tare mai karɓar jifa da jiki bayan yadi 5 na farko, jifa ta ƙara daraja ƙwarai. Koci Bill Walsh ya gina San Francisco 49ers a kan gajerun jife-jife masu sauri waɗanda ke yin aikin da gudu ke yi, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, sau 3 a shekarun 1980. Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce New York Giants ta kakar 2011, wadda ta zo ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 32 wajen yadin da aka ci da gudu, amma jagoran harinta, Eli Manning, ya yi jifar yadi 4,933, suka kuma doke New England Patriots da maki 21 da 17 a wasan ƙarshe.

Sai dai akwai lokutan da rashin gudu ke kwance wa ƙungiya zani a kasuwa, kuma agogo ne babban dalili. Idan aka yi jifa ba a cafke ba, agogo tsayawa yake yi, alhali idan aka kayar da mai gudu a cikin fili, lokaci yana ci gaba da tafiya. Saboda haka ƙungiyar da ke kan gaba tana bukatar gudu domin ta cinye lokaci. Har yau wasan ƙarshe na Fabrairun 2017 yana ci mini rai. Atlanta Falcons ta yi gaba da Patriots da maki 28 da 3, kuma ko bayan da tazarar ta ragu zuwa maki 8, Julio Jones na Falcons ya cafke wata jifa a bakin layin gefen fili wadda ta kai su yadi 22 daga gidan Patriots, saura ƙasa da minti 5. Da sun ci gaba da gudu sun buga ƙwallo tsakanin sanduna sun sami maki 3, da wuya a kamo su. Suka koma jifa, aka kayar da jagoran harinsu Matt Ryan a baya, aka ƙara mayar da su baya saboda laifin riƙe abokin karawa, suka fita daga inda bugun zai kai. Patriots ta rama, ta ci wasan 34 da 28 a ƙarin lokaci.

Yanayi ma yana da tasa rawar. A Disambar 2021, iska mai ƙarfi ta kaɗa a Buffalo har Mac Jones na Patriots ya yi jifa 3 kacal a duk wasan, ƙungiyarsa ta dogara ga gudu ta ci 14 da 10.

Abin da nake so ka lura da shi idan ka zauna kallo shi ne dama ta uku da saura yadi 1 ko 2. Idan masu tsaro ba su matso kusa da layin da aka ajiye ƙwallo ba, sun san abokan karawarsu ba za su iya kutsawa ba, kuma daga nan duk ƙarfinsu zai koma kan mai jifa.