Tambaya da Amsa: Me za a tsammata daga sabon shugaban Poland?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A majalisarmu da ke Fagge mun yi gardama kan Karol Nawrocki, matashi mai ra'ayin mazan jiya da aka zaɓa shugaban Poland. Wasu sun ce irinsa muke buƙata, tunda ga ƙuruciya ga riƙo da addini da al'ada, wasu kuma ba su yarda ba. Ina gaskiyar take? Daga wani ɗalibi, Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Nawrocki masanin tarihi ne, kuma yana da shekara 42 ya yi nasara a zagaye na biyu na zaɓen ranar 1 ga Yuni, 2025, da kusan kashi 51 cikin ɗari, inda ya kayar da magajin garin Warsaw, Rafal Trzaskowski. Wannan ƙaramin rata ya nuna cewa ƙasar ta rabu kusan gida biyu, kuma daga nan shakkuna suka fara.

Abin da na fi so ku lura da shi, ɗan'uwa, shi ne ƙarfin kujerar da ya hau. A Poland firaminista ne ke tafiyar da gwamnati, wato Donald Tusk, wanda ke hamayya da PiS, jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya da ta mara wa Nawrocki baya. Babban makamin shugaban ƙasa shi ne hawa kujerar naƙi kan dokokin majalisa, kuma ba a iya ture naƙinsa sai da ƙuri'ar kashi uku cikin biyar, adadin da gwamnatin Tusk ba ta da shi. Magoya bayansa, waɗanda akasarinsu mutanen karkara da ƙananan garuruwa ne, suna fatan ya zama garkuwar cocin Katolika da tsarin iyali, alhali masu shakka suna tsoron cewa ƙasar za ta shafe shekaru biyar ana ja-in-ja, dokoki na makale a tsakanin fadar shugaba da majalisa. A ganina wannan tsoron yana da tushe.

Game da al'ada kuwa, a yi hattara, domin ra'ayin mazan jiya a can ya haɗa da adawa da shirin Tarayyar Turai na rarraba baƙin haure, kuma matasanmu masu neman tafiya Turai suna cikin waɗanda irin wannan manufa ke shafa.

Ƙuruciya ba baƙuwa ba ce a mulkinmu. Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, yana da shekara 36 ya karɓi ragamar Najeriya a 1975, kuma tun 2018 doka ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Abin da ya sa ake tuna Murtala shi ne aikin da ya yi cikin wata shida da 'yan kwanaki, ciki har da ƙirƙiro jihohi bakwai da yanke shawarar mayar da babban birni Abuja.