Tambaya da Amsa: Yaya zan koyar da halittun ruwa ba kayan gwaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kimiyya a aji 4 na wata firamare kusa da Haɗejiya. Mun zo darasin halittun da ke rayuwa a ruwan tafki da kogi, amma ba mu da ɗakin gwaji, hoton littafin ma ya goge. Yara sun haddace, sai dai na san ba su gane ba. Me zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ke da ke zaune a bakin dausayin Haɗejiya da Nguru, ai ba ki da rashin kayan aiki. Kududdufi ɗaya da robobin ruwa biyar sun ishe ki zango guda.

Amma kafin komai, kada yaro ya sa ƙafa a ruwan. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi, ta huda fata ta shiga jiki, ba sai an sha ruwan ba. Ke ko wani babba za ku ɗebo da guga ko ludayi mai dogon hannu, a tsince dodon koɗin a mayar, yara kuma su riƙa kallo ta jikin roba. Idan kin san ajinki na da masu ƙiriniya, kada ma ki kai su bakin ruwan, ki kawo musu shi aji.

Aikin da na fi so shi ne na talibambam. A samo kamar goma a zuba a babbar roba da ruwan kududdufinsu, ban da ruwan famfo, don maganin da ake sa masa yana kashe su. A ajiye a inuwa, a riƙa jefa musu ɗan dafaffen ganyen alayyahu. Kowace Litinin da Alhamis yara su zana abin da suka gani, su rubuta kwanan wata. Kada ki faɗa musu abin da zai faru. Ki tambaye su: ƙafafun gaba ne za su fara fitowa ko na baya? Su yi gardama, ki rubuta ra'ayin kowa a allo. Ranar da na baya suka ɓullo, za ki ga yadda waɗanda suka canka daidai za su cika aji da ihu. Da wutsiya ta fara gajarta, a sa dutse a ciki don su samu wurin hawa, domin a lokacin sun koma shaƙar iska. In sun zama kwaɗi a mayar da su inda aka ɗebo su.

Roba ta biyu ta 'ya'yan sauro ce. A rufe bakinta da tsohon gidan sauro a ɗaure tam. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su ga sauro ya fito da fukafukai. Ki nuna musu wani abu: tsutsar da ke kwanciya a miƙe a saman ruwa ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya, wadda ke rataye kai ƙasa kuwa ta wani jinsi ce. Kada a sake su, a bar robar a rufe cikin rana har su mutu. Yaron da ya ga wannan, da kansa zai je gida ya kifar da tsohuwar tayar da ke tara ruwa.

A sauran robobin a sa kainuwa da ganyen bado, su duba yadda saiwar kainuwa ke lilo cikin ruwa ba ta taɓa ƙasa.

Sannan ki gayyato masunci dattijo ya yi musu magana rabin awa. Ni a ganina wannan ya fi duk wani hoto. Ya ba su labarin gaiwa, yadda take binne kanta cikin laka idan ruwa ya ƙafe, tana shaƙar iska har damina ta dawo. Ya bambance musu tarwaɗa da karfasa. Ki tambaye shi batun ciyawar kachalla a gabansu. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin zuwan ruwa ya canza, ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankinku, kuma iyayen wasu daga cikin yaran sun san abin da hakan ya yi wa kamun kifi da noman fadama.

Game da lokaci, ki fara a Satumba, sa'ad da kududdufai ke cike. A kafa sanda mai alama a gefen ruwa, wani babba ya riƙa karanto muku ita duk mako, yara su rubuta yadda ruwan ke ja da baya har hunturu. A lokacin ne kuma tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona da ke Jihar Yobe da sauran sassan dausayin, sai yara su lura ko baƙin tsuntsaye sun zo wajenku. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce Ranar Dausayi ta Duniya. Ki roƙi shugaban makaranta ya ba ku minti goma a taron safe, yaran su ɗaga zanensu su yi wa sauran azuzuwa bayani da bakinsu.